Tsara Ma'aikata da Gudanar da Aiki a Cibiyoyin Gashin Ƙashi da Gyaran Baya Idan Jama'a Suka Yi Yawa

Gabatarwa

Ciwon baya da na ƙugu da na gaɓoɓi na daga cikin larurorin da suka fi addabar mutanen karkara, musamman manoma da 'yan dako da 'yan acaɓa da mata masu daka da ɗebo ruwa daga nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya na wajen ƙugu a faɗin duniya, kuma ana sa ran adadin zai kai miliyan 843 zuwa shekarar 2050. Hukumar ta bayyana cewa babu wata larura da ta kai wannan ciwo nakasa mutane da hana su neman abinci. Idan muka haɗa da waɗanda hawan jini ya jawo musu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka yi haɗarin mota ko na babur, da kuma waɗanda shan inna ta taɓa tun suna yara kafin a tabbatar a shekarar 2020 cewa ƙasarmu ta rabu da asalin ƙwayar cutar, za mu fahimci dalilin da ya sa duk inda aka buɗe sashen gashin ƙashi ba a daɗewa ake ganin dogon layi a ƙofarsa.

Yawan jama'a alama ce ta cewa mutane sun amince da wuri, amma kuma a daidai wannan lokaci ne aiki ya fi saurin lalacewa. Wannan fanni na kiwon lafiya da hannu ake yinsa, kuma hannun gwani ba ya taɓa mutum biyu a lokaci guda. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi bayani a kan yadda ake tsara ma'aikata da gudanar da aiki a irin waɗannan cibiyoyi, ta yadda za a sauke wa gwani duk wani aikin da ba sai da hannunsa ba, a bar masa isasshen lokacin duba majinyaci da natsuwa.

Su wane ne ke wannan aiki

Rukuni na farko su ne ƙwararrun gashin ƙashi da ake samu a manyan asibitoci. Wannan sana'a ta shigo Nijeriya a shekarar 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digiri a fannin a shekarar 1966. A Arewa, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, ya daɗe yana karɓar majinyata daga jihohi da dama, kuma Jami'ar Bayero na cikin jami'o'in da ke horar da waɗannan ƙwararru.

Rukuni na biyu su ne masu gyaran ƙashin baya da hannu, sana'ar da ake kira kairofiraktik. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro ta a garin Davenport na jihar Ayowa a Amurka a shekarar 1895, ya kuma buɗe makarantar koyar da ita a 1897. A yau kowace jiha a Amurka tana ba masu wannan sana'a lasisi, kuma a shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horar da su da na kare lafiyar majinyata. Bincike ya nuna cewa irin wannan gyara yana iya rage ciwon baya daidai gwargwado, kamar yadda motsa jiki yake ragewa, amma babu ingantacciyar hujjar cewa yana warkar da cututtukan da ba su shafi ƙashi da nama da gaɓoɓi ba. Masu wannan sana'a ba su da yawa a ƙasarmu, sai dai akwai abin koyi a yadda suke tsara wuraren aikinsu a can, kamar yadda za mu gani a gaba.

Waɗannan rukunoni biyu duk suna ƙarƙashin hukumar rajistar ƙwararrun farfaɗo da lafiyar jiki ta Nijeriya, wadda aka fi sani da MRTB, da aka kafa bisa doka mai lamba 38 ta shekarar 1988. Duk wanda ya kira kansa ƙwararren gashin ƙashi ko na kairofiraktik wajibi ne ya mallaki rajista da lasisin wannan hukuma.

Rukuni na uku su ne masu ɗori na gargajiya, waɗanda galibi gadon sana'ar suka yi, kuma su ne suka fi kusa da mutanen karkara. Za mu ware musu sashe na musamman, domin cunkoson da ke damun asibiti yana damun gidajensu su ma.

Inda lokacin gwani yake tafiya

Domin a fahimci matsalar sosai, bari mu buga misali da lissafi. Mu ɗauka gwani yana fara aiki da ƙarfe takwas na safe ya tashi ƙarfe huɗu na yamma. Idan aka cire sa'a guda ta salla da cin abinci, saura minti 420. Mu ɗauka kuma kowane majinyaci yana buƙatar minti 20 na aikin hannu. Idan gwanin shi ne mai neman kati, shi ne mai karɓar kuɗi da ba da canji, shi ne mai sauya zanin gado, shi ne kuma mai amsa waya, to aƙalla minti 10 za su ƙaru a kan kowane mutum. Ke nan mutum 14 kacal zai iya gani a yini. Idan kuwa aka samu waɗanda za su ɗauke masa waɗannan ƙananan ayyuka, zai ga mutum 21. Bambancin mutum bakwai ne a kullum, wato mutum 35 a makon aiki mai kwana biyar, ba tare da an ƙara gini ko an sayo wata na'ura ba.

Yanzu sai mu ɗauka mutum 40 ne suka zo a ranar kasuwa, gwani kuma ya ji nauyin mayar da kowa gida saboda ya san daga nesa suka fito. Kowane mutum zai samu minti goma da rabi ke nan, kuma a cikinsu ne za a nemi kati a karɓi kuɗi. Abin da ake fara yadawa a irin wannan hali shi ne tambayoyi da gwajin da ake yi kafin a taɓa majinyaci, alhali kuwa su ne ke bambanta mai ciwon gajiya da mai cutar da taɓa ta zai iya gurgunta mutum.

A Amurka, wuraren kairofiraktik da suka bunƙasa sukan raba aiki gida huɗu: akwai mai tarbar jama'a da ba da lokacin zuwa, akwai mataimakin da ke shirya majinyaci da ɗakin aiki, akwai mai kula da kuɗi da takardun inshora, sannan akwai manajan da ke lura da duk waɗannan. Wasu ma sukan ba kamfanonin waje aikin bin kuɗin inshora baki ɗaya. Ba lalle ne ƙaramar cibiya a karkara ta ɗauki mutum huɗu a rana ɗaya ba, amma wajibi ne a san cewa waɗannan ayyuka huɗu suna nan, kuma idan ba a ba wani su ba, a kan gwani za su faɗa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'aikatan da ake buƙata da yadda za a jera ɗaukarsu

Na farko da ya kamata a ɗauka shi ne mai yankan kati, wanda kuma zai riƙa tarbar jama'a. Shi ne fuskar cibiya, don haka a zaɓi mai haƙuri da ladabi, wanda ya iya rubutu mai kyau, ya kuma san yadda ake yi wa dattijo magana, ya ce masa Baba, ya ce wa dattijuwa Inna ko Hajiya, ya ba su wurin zama kafin ya tambayi suna. Idan yankin akwai Fulani ko Barebari ko wata ƙabila, jin harshensu ƙarin daraja ne babba.

Na biyu shi ne mataimaki mai horo, wanda zai shigar da majinyaci, ya auna hawan jininsa, ya taimaka masa hawa gado da sauka, ya kuma tsaya a kansa yayin da yake motsa jikin da gwani ya rubuta masa. A nan muna jan hankali cewa dole ne a samu mace a cikin mataimaka. Mata da yawa a karkara sun gwammace su zauna da ciwon ƙugu shekara da shekaru da su bari namiji ya taɓa su, wasu kuma mazajensu ne ba sa amincewa. Ma'aikaciya mace ɗaya da labule mai kauri sukan jawo matan da suka daɗe suna shan wuya a cikin gida.

Na uku shi ne mai karɓar kuɗi. A farko mai kati zai iya haɗa ayyukan biyu, amma da zarar layi ya fara tsayawa a kan teburinsa sai a raba. Na huɗu shi ne mai shara da wanki, domin zanin gado da tawul da banɗaki su ne ke fara nuna cewa aiki ya fi ƙarfin wuri. Na biyar kuma shi ne mai gudanarwa, wanda zai kula da jadawalin aiki da albashi da sayen kaya da sabunta lasisi da man janareta. Sai bayan an cike waɗannan gurabe, aka ga har yanzu lokacin gwani bai isa ba, sannan ake neman gwani na biyu. Ɗauko gwani mai tsada a sa shi neman kati asarar dukiya ce.

Kowane ma'aikaci a rubuta masa aikinsa a takarda guda, a karanta masa, ya sa hannu. A kuma koya wa kowa aikin na kusa da shi, domin ranar da mai kati ya tafi suna ko jana'iza kada cibiya ta tsaya.

Abin da ba a wakilta kowa a kansa

Akwai ayyukan da ba sa barin hannun gwani komai yawan jama'a: duba sabon majinyaci, tantance abin da ke damunsa, tsara masa magani, murɗa ko danna ƙashin baya da na wuya, da kuma yanke shawarar tura shi babban asibiti. Mataimaki komai daɗewarsa a wurin bai halatta ya yi ɗaya daga cikin waɗannan ba. Murɗa wuya musamman, ko da yake ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar jini ya jawo shanyewar jiki.

Amma mai kati da mataimaki suna da rawar da za su taka wajen gano wanda bai kamata ya jira layi ba. A rubuta alamomi kamar haka da manyan baƙaƙe a manna a bango, a kuma tambayi kowane sabon zuwa:

1. Fitsari ya ƙi fita, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida.
2. Mutum ya daina jin taɓi a matsematsi ko ɗuwawu.
3. Ƙafafu suna ƙara rauni kullum, ko mutum ya fara jan ƙafa.
4. Ciwon baya tare da zazzaɓi da zufar dare da rama, ko ƙusumbi ya fara fitowa. Wannan na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya.
5. Ciwon ya biyo bayan faɗowa daga bishiya ko gini, ko haɗarin babur.
6. Mutum ya taɓa yin ciwon daji, ko ciwon yana tsananta da dare ba ya lafawa da hutu.

Duk wanda aka samu da ɗaya daga cikin waɗannan a kai shi gaban gwani nan take, kada kowa ya danna masa baya, a kuma rubuta masa takardar zuwa babban asibiti. Alamomi ukun farko na gaggawa ne, ba a kwana da su. Ya kamata kowace cibiya ta ajiye lambar wayar sashen gaggawa na asibitin da take turawa, da lambar direba aƙalla ɗaya da za a iya kira ko da tsakar dare. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana kowace cibiyar lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili.

Tsarin layi da ranar dawowa

Gashin ƙashi ba a gama shi a zuwa ɗaya. Mai shanyewar ɓarin jiki na iya yin watanni yana dawowa, don haka tsofaffin majinyata kan taru a kan sababbi har wuri ya cushe. Maganin wannan shi ne a raba yini. A ware safiya ga sababbi da waɗanda suka fito daga nesa, domin su samu motar komawa, a ba 'yan cikin gari lokacin bayan azahar. A rubuta wa kowa rana da lokacin dawowa a bayan katinsa, wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami ko a ambata masa da lokacin salla. A bar gurbi biyu ko uku a buɗe kowace rana saboda masu zuwa da gaggawa.

Wajibi ne jadawali ya bi yanayin rayuwar mutanen yankin. Ranar kasuwa jama'a sukan yi yawa saboda a ranar ake samun mota, saboda haka kada a ba ma'aikaci hutu a ranar. Da damina zuwan manoma kan ragu, da kaka kuma ya ƙaru bayan an sha aikin girbi an kuma samu kuɗi a hannu. Lokacin da aiki ya yi sauƙi shi ne na ba da hutun shekara da tura ma'aikata ƙaro ilimi.

Wata dabara mai rage cunkoso ita ce haɗa masu larura iri ɗaya su yi motsa jiki tare, maza daban mata daban, mataimaki yana lura da su bisa tsarin da gwani ya rubuta. Haka kuma a koya wa ɗan uwan da ke jinya yadda zai juya majinyaci a kan gado kada ya yi gyambo, da yadda zai miƙe masa gaɓoɓi a gida. Iyalin da suka koyi wannan za su rage yawan zuwa, su kuma rage kashe kuɗin mota. Wanda kuwa ya daina zuwa kafin a sallame shi, mai kati ya buga masa waya ya ji dalili.

Kati da kuɗi da kayan aiki

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa shugaban kowace cibiyar lafiya ya buɗe wa kowane majinyaci takardar tarihin jinyarsa, ya kuma tsare sirrinsa. Dokar kare bayanan jama'a ta shekarar 2023 ita ma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Saboda haka a ba kowa lamba guda da ba ta sauyawa, a jera katunan bisa lamba, a kulle su a kabad. Jera su bisa suna yana kawo ruɗani, domin a gari guda ana iya samun mutum goma masu suna ɗaya. Ko da an samu kwamfuta, a ci gaba da riƙe babbar rajista ta takarda saboda ɗaukewar wuta. Kada ma'aikaci ya ɗauki hoton majinyaci da wayarsa, kada kuma a kai labarin ciwon wani majalisa.

Dangane da kuɗi, a kafa allon farashi inda kowa zai gani, a ba da rasit mai lamba a kan kowace naira. Wanda ya karɓi kuɗi ba shi ne zai tantance lissafin yamma ba. Wani daban ne zai gwada adadin rasit da adadin sunayen da ke cikin rajista. Kuɗin cibiya a sa shi a asusun banki na cibiya, kada a gauraya shi da na aljihun mai wuri. Tun da dokar shekarar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a ƙasar nan, jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, ya dace cibiyar da ke son karɓar masu inshora ta tuntuɓi hukumar ta ji ayyukan da take biya, ta kuma ware mutum ɗaya da zai riƙa cike takardun neman biya a kan lokaci.

Game da kayan aiki kuwa, muna jan hankalin masu sayo kaya a ƙananan hukumomi zuwa ga ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disambar 2023 kan ciwon baya da ya wuce wata uku ba tare da wata cuta ta daban ta haddasa shi ba. Ƙa'idojin sun goyi bayan wayar da kan majinyaci, da motsa jiki mai tsari, da tausa, da gyaran ƙashin baya da hannu. Sun kuma ba da shawarar kada a mayar da ɗamarar baya da na'urar jan ƙashin baya da wasu na'urorin lantarki su zama maganin yau da kullum ga irin wannan ciwo. Abubuwan da aka goyi baya duk mutane ne ke yinsu. Kuɗin na'ura guda da za ta zauna cikin kwali saboda rashin wuta zai iya biyan albashin mataimaki na tsawon lokaci. Abin da ƙaramar cibiya ta fi buƙata shi ne gadon aiki mai ƙarfi, tabarmin motsa jiki, ƙarafan koyon tafiya, sanduna, keken guragu, abin auna hawan jini, ruwa da sabulu.

Riƙe ma'aikata

Samun ƙwararre ya yarda ya zauna a karkara abu ne mai wuya, ga shi kuma da yawa daga cikinsu suna tafiya ƙasashen waje. Abubuwan da ke zaunar da ma'aikaci sanannu ne: albashi a kan lokaci, masauki mai ruwa da wuta, tsaro, hutu, da damar ƙaro ilimi. Mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar a shekarar 2024 shi ne naira 70,000 a wata. Ko da yake dokar ba ta tilasta wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ma'auni ne da ya kamata mai cibiya ya duba. Ma'aikacin da ake bari wata biyu babu albashi shi ne ke fara karɓar na goro domin tsallakar da mutum layi.

Har ila yau, wannan aiki yana cin jikin mai yinsa. Masu ɗaga majinyata da danna baya su ma suna kamuwa da ciwon baya da na wuyan hannu. A tanadi gado mai tsayin da ya dace, a hana mutum ɗaya ɗaga babban majinyaci shi kaɗai, a kuma ba da ɗan hutu tsakanin aiki. Zaman minti goma sha biyar kowace safiya domin duba jadawalin yini, da zama guda a ƙarshen wata domin jin koke, suna kashe rigingimu da yawa tun suna ƙanana.

Gidajen masu ɗori

Mashahurin mai ɗori yakan wayi gari da zaure cike, har a kwantar da wasu a gidajen maƙwabta. A irin wannan hali 'ya'ya da almajirai ne ke kama aiki, kuma haɗarin da ya fi girma shi ne a ɗaure karaya da kara tamau a bar ta babu mai dawowa ya duba. Idan gaɓa ta kumbura a cikin matsattsen ɗauri jini yakan daina gudana, kuma cikin kamar sa'a shida nama yakan fara mutuwa. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa a yanke wa yara hannu ko ƙafa a asibitocin ƙashi.

Saboda haka muna ba masu ɗori shawara su ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai zagaya waɗanda aka ɗaure, dare da rana, musamman a kwana biyun farko. Idan ya ga yatsu sun yi sanyi, ko sun sauya launi, ko mutum ya daina jin su, ko fata ta yi bororo, ko zafi ya wuce misali musamman idan aka miƙe yatsun, a sassauta ɗaurin nan take a garzaya asibiti. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta wuya ko gadon baya ko ƙugu, da ta gwiwar hannun yaro, da ta mai ciwon suga, duk a tura su asibiti tun farko. A kuma ajiye littafi a rubuta sunan kowa da garinsu da ranar da aka ɗaure shi. Mai ɗorin da ya san iyakarsa ya tura a kan lokaci, darajarsa ƙaruwa take yi a idon jama'a.

Abin da ake buƙata daga shugabanni da jama'a

A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su shigar da ayyukan farfaɗo da lafiyar jiki cikin kowane mataki na kiwon lafiya, har da matakin farko. Ƙaramar hukumar da ba ta da halin ɗaukar ƙwararre na dindindin za ta iya shirya wa ƙwararren babban asibiti ziyarar mako mako, ta tanadar masa ɗaki da mota da mai kati da mataimaka daga cikin ma'aikatan lafiyar da take da su, a kuma sanar da ranar a masallatai da kasuwanni. Shugabannin sashen lafiya su tabbatar kowace cibiya mai zaman kanta tana da rajista da hukumomin lafiya na jiha, lasisin gwaninta kuma yana rataye a bango. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai iya shiga, don haka gangara a ƙofa da banɗaki mai faɗi ba alfarma ba ce.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni da kwamitocin raya mazaɓu za su iya haɗa masu ɗori da ma'aikatan asibiti su zauna su san juna, su amince a kan irin karayar da za a riƙa turawa. Su kuma jama'a, haƙƙinsu ne su nemi ganin lasisi, su karɓi rasit, su tambayi wane ne zai taɓa su, su kuma ƙi amincewa a murɗa musu baya ko wuya kafin a yi musu tambayoyi a gwada su.

Kammalawa

Muna kira ga masu cibiyoyi da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su zauna su ƙirga mutum nawa ke zuwa a kowace rana ta mako, minti nawa gwani ke kashewa a kan kowannensu, da kuma nawa ne daga cikin mintocin ke tafiya a ayyukan da wani zai iya yi. Wannan ƙidaya ba ta buƙatar komai sai littafi da agogo da mako biyu, kuma ita ce za ta nuna ma'aikacin da ya kamata a fara ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a yi wannan shiri tun kafin kaka ta zo zaure ya cika. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma saka wa masu kula da su da alheri.